Takardar Gonar Baba

Litinin, 14 ga Fabrairu, 2000
Yau wata uku da rasuwar Baba. Malaman da za su raba mana gado sun ce ba za su taɓa gonar hanyar Kiyawa ba sai an gama shari'a da Alhaji Babagana, ɗan kwangilar da ya ce shi aka yanka wa filin. Takardar gonar tana hannun lauyanmu, Barista Zailani, tun Baba na raye. Baba ne ya koyar da shi a firamare, Baba kuwa ba ya son a ga laifin ɗalibinsa. Na biya ofishinsa da na tashi daga makaranta. Har da hawaye ya sake yi mini gaisuwa. Ya ce, "Malama Rakiya, ki sha kuruminki, shari'ar nan kamar an gama ta ne." Na faɗa wa mahaifiyata Hajja, ta sa masa albarka. Geron gonar nan da dabinonta su ne abincinta.

Alhamis, 9 ga Maris
Sakatariyar Barista ta ce ya tafi Kano.

Talata, 18 ga Afrilu
Zuwa na shida ke nan. Wai an ɗage zama, alƙali ba shi da lafiya. Na ce yaushe aka sa rana? Ya ɗaga wasu takardu ya ajiye, ya ce zai aiko unguwarmu Yalwawa a sanar da mu. Bai dubi idona ba. Ko dai ni ce na cika zargi?

Laraba, 24 ga Mayu
Sale, wanda yake noma mana gonar shekara ashirin, ya same ni a ƙofar makaranta da kekensa. Ya ce yana cikin sharar gona wasu mutane suka zo da igiyar awo, suka kafa duwatsun siminti, suka ce kada ya ƙara taka wajen. Ya ce, "Malama, takardar kotu suka nuna mini. Ni ba karatun boko gare ni ba, amma na ga hatimi."
Na roƙe shi kada ya je wa Hajja da zancen. Hawan jininta.
Barista ya ce barazana ce kawai.

Litinin, 12 ga Yuni
Na je babbar kotu da ƙafata. Ban taɓa shiga ba. Magatakarda, wani dattijo mai furfura, ya daɗe yana buɗe wani ƙaton littafi, sannan ya ce in zauna tukuna.
An yanke hukunci tun 20 ga Janairu.
Sau uku aka kira shari'ar, lauyanmu bai je ba. Bai ma sanar da kotu cewa Baba ya rasu ba, balle ya shigar da sunan magada. Suna ta kiran Baba a zauren kotu, shi yana kabari. An ba Alhaji Babagana gonar duka, da dabino goma sha ɗayan da kakanmu ya dasa. Wa'adin ɗaukaka ƙara kuma ya wuce tun Afrilu.
Wato ranar da yake mini hawaye an riga an gama. Ya sani.
Na fito na rasa hanyar Yalwawa, ni da aka haifa a garin nan. Sai a bakin kasuwa na gane inda nake.
Hajja ta tambaya ko Sale ya yi shuka. Na ce ya yi.

Talata, 13 ga Yuni
Ban iya koyarwa ba. Na ba yara rubutu na zauna.

Juma'a, 7 ga Yuli
Yaya Muntaka ya baro kifinsa a Haɗeja ya zo, muka je ofishin Barista tare. Barista bai musa ba. Wai ayyuka ne suka yi masa yawa lokacin ƙararrakin zaɓe, ranakun suka shige masa, daga baya kunya ta hana shi faɗa. Kunya. Na ce to ya ba mu takardar gonar mu kai wa wani lauya, ko za a roƙi kotu ta ƙara mana lokaci. Ta ɓata, wai lokacin da suka canja ofis. Ita kaɗai ce, mai hatimin hakimi ta zamanin En'e, babu kwafi.
Yaya ya ce, "Allah ya isa," ya miƙe. A hanya ya ce mini ƙaddara ce, in bari. Shi gobe zai hau mota ya koma. Ni ce zan ci gaba da kallon Hajja kullum.

Talata, 8 ga Agusta
Gari ya ɗauka, an ƙaddamar da Shari'a, kowa na cewa yanzu talaka zai sami haƙƙinsa. Na ɗauki rai na kai kukana kotun Shari'a. Alƙalin ya saurare ni da kyau, Allah ya saka masa. Amma ya ce abin da babbar kotu ta yanke ba shi da hurumin buɗe shi. Ya ce shi lauyan ya ci amana, in rubuta ƙorafi ga ƙungiyarsu ta lauyoyi.
Ƙorafi zai dawo da gona?
Na rubuta dai. Shafi huɗu, sau uku ina yagawa.

Asabar, 26 ga Agusta
Na sayo dabino a kasuwa na ce wa Hajja na gona ne. Ta ci ɗaya, ta juya ƙwallon a tafin hannunta, ta ajiye. Ya Allah, abin da aka yi mini shi nake yi wa uwata.

Lahadi, 17 ga Satumba
Na bi ta wajen gonar a kan acaɓa. An sare dabino bakwai. An fara ajiye bulo.
Da na dawo na durƙusa gaban Hajja na faɗa mata komai, tun daga Janairu. Ina jiran ta yanke jiki ta faɗi. Ta ce, "Rakiya, shekara talatin da takwas ina cin dabinon gonar nan. Kin zaci ba zan gane na kasuwa ba?" Ta ce ta yi shiru ne don ta ga ina ramewa. Muka yi kuka, ita a kan gado ni a ƙasa. Daga baya ta ambaci Baba, ta ce, "Malam ya yarda da mutane da yawa." Ban taɓa jin ta ga baikensa ba sai yau.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Ƙungiyar lauyoyi ta kira Barista. Shi ne yau ya zo gida da dattawa biyu, abokan Baba, har ya sa aka ɗauko Yaya daga Haɗeja. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Suka ce yana da iyali, idan aka hana shi aiki 'ya'yansa ne za su sha wuya, in janye takardar don darajar Malam. Yaya ya ce shi ya yafe, kuma a matsayinsa na babba ya yafe da sunan kowa.
Na ji bakina ya ce, "Yaya, ka yafe kasonka. Nawa da na Hajja ba ka tambaye mu ba."
Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "'Yar nan, ba haka Malam ya rene ki ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, ku yi haƙuri. Amma ba zan janye ba. Akwai takardun wasu marayun a ofishin nan."
Yaya ya tafi bai yi mini sallama ba. Tun ina yarinya ban taɓa mayar masa da magana ba, na ɗauka zan wuni ina kuka. Gonar ba za ta dawo ba, na san wannan. Hajja ta dafa dambu, na ci, na ƙara. Ƙungiyar ta sa zama ran bakwai ga wata mai zuwa, sai in nemi izinin hedimasta tun gobe.