Falalen Bayan Gidanmu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? A tabbatar tana shan maganin bayan ta ci abinci, ba kafin ba.

Na kama aiki a kamfanin fasa dutse. Shugaban sashenmu ya ce in je in duba wani dutse, in faɗa ko zai yi tsakuwar titi. Yaya, falalen bayan tsohon gidanmu ne. Inda Inna take shanya, inda wandona ya yage wajen wasan sulu kika ce in shiga gida da baya da baya.

Kin tuna Baba yana cewa dutsen nan girma yake yi kowace damina? Ba girma yake ba. A narke ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya rasa mafita, ya tsaya a ciki yana hucewa a hankali shekaru aru-aru. Shi ya sa ƙwayoyinsa manya ne, ido yana ganinsu. Ruwa ne ke wanke ƙasar da ta rufe shi. Amma idon Baba bai yi ƙarya ba, fitowa yake ƙara yi.

A aikinmu ba a yarda da fatar dutse, sai an fasa an ga ciki. Samansa yana ɓarewa. Ina addu'a cikin ma ya ruɓe. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na je.

Duk inda na ɗaga guduma sai in ga wurin wani ne: gurbin zaman Baba, ramin da muke wanke ƙafa da ruwan sama. Daga ƙarshe na zagaya ta gefen da ba ma hawa. Guduma ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Cikin fes yake, ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe a manne. Na yi ta neman tsaga, babu.

Na rubuta abin da na gani. Za a kawo injina bayan damina.

Ga guntun dutsen nan a ƙunshe. Ki ba Inna ta riƙa danne shanya da shi. Ki faɗa mata ni na fasa.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta