Farar Takardar Jiran Amsa

Zuwa ga mahaifina, Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hajara, 'yarka sarkin gardama.

Baba, na kusa gama aikin da ka bari. Tsofaffin wasiƙun nan na fatake da malamai da ka bi gida-gida kana roƙo don kada su lalace, masu adana takardun tarihi sun aiko daga Kaduna za su kwashe su bayan salla. Kullum in na taso daga koyarwa, sai in shimfiɗa tabarma a zaurenka in ɗora daga inda ka tsaya.

Ban sauya maka komai ba. Kowane gida da ƙunshinsa, ba na cakuɗa su. A bangon ƙunshi ina rubuta wanda ya aiko, da wanda aka aika wa, da maganar da ke ciki. Ba na sa fil, tunda ka ce tsatsa na cin takarda. Allura da farin zare, sai ganyen darbejiya a gindin akwati saboda ƙwari.

Af, garin ma an canza masa suna bayanka. An kai sunan Abuja can sabon birnin da za a gina, mu yanzu Suleja muke. Inda ka rubuta Abuja da hannunka na bar shi yadda yake.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: fararen takardunka. Kowace wasiƙa kana ɗinke ta da amsarta, wadda ba a ga amsarta ba kuma ka ɗinka mata farar takarda a baya. Sau nawa na ce maka, haba Baba, mutanen nan sun daɗe a ƙasa, wa zai amsa? Sai ka leƙo ta saman tabarau ka ce, "Mai wasiƙa bai fid da rai ba, ni ne zan fid masa?"

Na tuna ranar da wani tsoho ya zo daga Tafa da gafakar mahaifinsa. A ciki ka tsinci amsar wata wasiƙa da ke wurinka, wadda wani bafatake ya rubuta yana neman gafarar ƙaninsa. Ashe an yafe masa, ba a dai samu ɗan aike ba. Ka warware farar, ka haɗa su tare za ka ɗinke. Ka ce in miƙo zare, alhali yana kan cinyarka.

Yanzu Yaya Sani ya ce in cire fararen, wai nauyi kawai suke ƙara wa akwati, baƙi ma sai su yi mana dariya. Wallahi da gaskiyarsa, maganata ce ta da. Na ɗauki almakashi, Baba, amma na kasa. Sai na rubuta a saman kowace: ana jiran amsa. Mai dariya ya yi.

Ina kewarka ƙwarai. Ba ni da wanda zan yi wa gardama ya leƙo ni ta saman tabarau.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna inda ba a bukatar ɗan aike. Amin.

Wannan ba za ta tafi Kaduna ba, tana nan a akwatinka. Na riga na ɗinka mata farar takarda a baya.

Taka har kullum,
Hajara