Jam Ɗin Lemon Inna

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona sarkin ƙiriniya. Ki gaya masa in bai zo ya duba ni ba, zan sake miji.

Mu nan lafiya lau, in ban da murar da ta sa ni gaba. Hanci ya toshe, baki ba ɗanɗano, ko gishiri aka zuba mini a shayi sai in shanye in yi godiya. Na sha citta da lemon tsami da zuma har na gaji, sannan Babanku ya sayo mini maganin nan na kemis mai sa barci. Ina tafe ina gyangyaɗi.

Shi kuwa yana can makiyaya yana watsa takin zamani don ciyawa ta taso. Ya kulle tumaki a garke, ya ce ba mai fita sai ruwan sama ya narkar da takin, domin tunkiyar da ta lashe shi sai dai wata ba ita ba. Kuka suke yi mana wuni guda.

Duk da haka na lallaɓa na dafa miki jam ɗin lemo kwalba biyu, tunda kin ce yaron ba ya cin burodi da safe sai da shi. Direban motar kaya zai kawo miki tare da wasiƙar nan. Ban iya ɗanɗanawa ba, in zaƙi bai ji ba ki yi haƙuri.

Taki har kullum,
Inna

Auta,

Ina gaishe ku, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Kada ku ci jam ɗin nan. Ko an buɗe ko ba a buɗe ba, ki haƙa rami ki binne shi da kwalaben.

Bayan motar ta tafi ne na kankare ƙanzon tukunyar, na haɗa da ruwan ɗauraya na zuba wa tumaki uku masu shayarwa, don na san su da son zaƙi. Kafin in gama shara sun fara karkarwa, ciki ya kumbura, kumfa na fita ta baki. Biyu sun mutu kafin likitan dabbobi ya iso. Da ya duba sai ya ce taki suka ci. Babanku ya rantse ba su taka makiyaya ba.

Nan take na shiga sito. Kin san fararen bokitan nan masu murfi da nake zuba sukari. Ashe buhun taki ne ya yage, Babanku ya juye ragowar a ɗaya, ya ajiye kusa da nawa don kada ya jiƙe. Ranar dahuwa sukarin bokitin farko ya ƙare mini ana tsakiyar aiki, na buɗe na biyu na ɗiba. Fari ne shi ma, ga ido na hawaye, ga kai na juyawa. Wallahi ban san yawan da na zuba ba.

Likitan ya ce cikin mutum ba irin na tunkiya ba ne. Da na ce akwai ƙaramin yaro sai ya ce in har yaron ya ci, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, na san kuma sai kin hau tudu take shiga. Babanku ya hau babur ya nufo ku, ya tarar ruwan da muke ta jira ya cika rafi, ya juyo. Wani mai kwalekwale zan ba takardar nan.

Tsoro nake ji, Auta. Na kasa ci, na kasa zama. Da hannuna na ɗaure murfin kwalaben, har ina murna.

Ki aiko mini da labari ko ta bakin wa.
Inna

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe da Baba, ya aikin taki?

Wasiƙarki da kwalabe biyu sun iso ta hannun direba, mun gode, Allah ya bar mana ke. Ina ba wani maƙwabci wannan amsa, zai bi ta doguwar hanya saboda rafi.

Zaƙi ya ji, sai ɗan ɗaci-ɗaci, ina jin ɓawo ne ya yi yawa. Ni da maigidan lasa kawai muka yi muka bar wa angonki, shi kuwa da cokali yake sha, har ya kusa ganin gindin kwalba ɗaya. Ya ce ki kwantar da hankalinki, ba zai sake ki ba.

Tun jiya dai yake cewa cikinsa, ya ƙi wasa, sai barci yake ta yi. Na ce masa alhakin kwaɗayi ne. Ya ƙi abinci, amma in ya farka zan shafa masa kaɗan a burodi, tunda shi kaɗai yake karɓa.

'Yarki mai ƙaunarki,
Auta