Injin da Bai San Azarori Ba

Madawa, 4 ga Oktoba 1999

Yaya Yosefu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiyar aikin dashen itace can Keita? Baba shina nan yadda ka baro shi, tun ciwon shanyewar ɓarin jikin nan maganarshi ba ta dawo ba.

Abin da ka ce ba ni iyawa, na yi shi. Faifan Linux da ka aiko na sa shi a odinatar gida, kwamfutarmu ke nan, na share tsohon tsarin nan da birus, cutar nan ta inji, ya addaba. Yini biyu ina fama da littafinka na Faransanci. Da farko ma zagina injin ya yi: na buga sunana, ya rubuto "Nqsqrq". Sai can ƙarshe na gano inda ake gaya mishi maɓallanmu irin na Faransa ne, ya shiryu. Waƙoƙin sujada arba'in da biyu da na buga daga bakin Baba kafin ciwon, na kwashe su daga disket ɗin da nike ajiye su, na zuba cikin injin. Washegari disket ɗin ta mutu.

Ga inda ta ɓaci. Na kashe, na kunna, ya nemi kalmar sirri, na ba shi, ya ƙi. Kalmar da ni na zaɓa da kaina. Waƙoƙin nan ba su a takarda, ba su ko'ina sai cikinshi. Tsoro nike ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Nasara

Keita, 13 ga Oktoba 1999

Zuwa ga Nasara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba. Mantuwa kika yi, kowane sabon hannu yana yin haka. Akwai hanyar buɗe shi, amma ba abin da zan iya koya miki a takarda ba ne. Ki rufe shi da zane har in zo Kirsimeti. Kada ki sake sa faifan, zai share kome.

Ubangiji ya kiyaye ku.
Yayanki, Yosefu

Madawa, 20 ga Oktoba 1999

Yaya,

Ina gaishe ka, amma ka ɓata mini rai. Ni zan manta garin da aka haifi Baba? Azarori na sa, haruffa bakwai.

Kirsimeti kuma da nisa. Baba ya rage cin abinci. Jiya ya nuna injin da hannunshi mai lafiya, ya dube ni. Ba ni rufe injin nan da zane. Na sayi kaye, littafin rubutu, duk abin da na gwada ina rubutawa, ina kuma bin aikin ran nan daki-daki tun daga farko. Faifan dai ba ni taɓawa.

Nasara

Madawa, 22 ga Oktoba 1999

Yaya Yosefu,

Gaisuwa. Ya buɗe.

Ina rubuta matakan a kaye sai na tuna: lokacin da na sa kalmar, injin bai bar ce mini Nqsqrq ba tukuna, kuma kalmar sirri ba ta fitowa a allo. Azarori na buga, shi kuwa wani abu daban ya ji: A ta zame mishi Q, Z ta zame W. Na buga "qwqrori", ya bar ni na shiga.

Na karanta ma Baba waƙa ta farko. A baiti na uku ya bugi tabarma, ya girgiza kai, ashe na tsallake layi tun bara. Na yi ta cinkar layin har sau biyar kafin ya ɗaga kai. Na gyara. Saura arba'in da ɗaya, gobe da safe za mu ci gaba.

Ka zo kafin Kirsimeti.

Ƙanwarka,
Nqsqrq