Dutsen Baba Ya Fito Tun Sanyi Bai Wuce Ba

Sara, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga ƙanena Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa shan hantsi, sai dai abinci ne ba ta ci sosai. Na rubuto ne maimakon kira, don wayar a hannun ƙanenmu Ashiru take, ni kuwa ba na iya faɗin abin da ke raina yana tsaye a kaina.

Maganar tafkin gonarmu ce. Ka tuna baƙin dutsen nan na tsakiyarsa, wanda marigayi Baba ya sa mana ƙa'ida da shi: ranar da kansa ya leƙo, ranar ake kwance jigo, abin da ya rage na shan mutane ne da dabbobi har damina ta sauka. A da sai bazara ta kusa yake fitowa. Bana, da injin ban-ruwan da ka aiko, Allah ya saka maka, Ashiru ya faɗaɗa albasa har gindin kuka, dutsen kuwa ya fito tun muna rufa da bargo. Na yi masa magana, ya ce waccan ƙa'idar ta zamanin jigo ce, yanzu zurfi kawai za a ƙara. Ya ɗebo masu haƙa suka kama gefen kudu. Malam Jafaru, maƙwabcinmu mai shanu, ya zo ya tsaya yana roƙonsu kada su wuce yumɓu, don shi ke riƙe ruwan, ƙarƙashinsa yashi ne zalla. Suka yi dariya, suka ce ya koma ya ji da tatsar nono. Sun fasa yumɓun, Sada. Kafin Juma'a ta zagayo yashi ya shanye ruwan muna kallo. Yanzu ɗan kwarmin arewa kaɗai ya rage a bayan dutsen, shi ma bai kai gwiwa ba.

Ka san a nan shanun gidan Malam Jafaru suke sha tun zamanin mahaifinsa, takinsu kuma shi ya raya gonar nan. Da Ashiru ya hana su, sai mutanen gidan suka koma tona yashi a kogi suna shayar da su, tafiya mai nisa. Wata saniya mai ciki ta faɗi a hanya, a wurin aka yanka ta. Shekaranjiya matarsa Hafsat, wadda take kawo wa Inna nono kullum da safe, ta zo da ƙwarya wankakkiya ba komai a ciki. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce mini a soro, in injin ya sake tashi za su ɗaure kaya su yi wajen Ningi, ta roƙe ni kada in gaya wa Inna.

Ba na son in ɗauki alhakin Ashiru. Ya rame, ba ya cin abin kirki, albasar kuma ta fara kai, in ta rasa ruwa yanzu wahalar shekara ta tafi. Amma abin da ya rage ba zai ishi albasa da shanu ba, ɗaya ne zai sha. Ni dai na ce kada a ƙara zuba ko ɗigo a fangalina na albasa, tuni ganyen ya kwanta. Ina tsoron ranar da za a tambaye ni ƙishirwar dabbar da ba ta da bakin roƙo. Sai dai rabona kaɗai nake da ikon bayarwa. Ashiru ya ce injin naka ne, kana da kaso a gonar, bakinka ne kawai zai sa ya naɗe tiyo. Da ƙyar ya yarda ya dakata har takardar nan ta iso hannunka.

Don Allah, ranar da ka karanta ka kira shi. In ka ce a bar wa shanu, albasarku ta tafi, ba zan ɓoye maka ba. In ka ce a tayar da injin, haƙƙinka ne, ba zan riƙe ka a zuciya ba, ni zan taka in gaya wa Hafsat da bakina.

Ka gai da amaryarmu Nasiha, da Khuzaima, da Aminullahi mai sunan Baba. Inna tana sa muku albarka. Yau ma da hantsi ta sa na ajiye mata furarta ba a dama ba, wai Hafsat tana hanya.

Yayarka,
Hadijatu.