Ni Na Wanke Hular Baba Akinrinade

Zuwa gare ka Boda Ibikunle, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar bishiyar goron da zuciyata ke hutawa a ƙarƙashinta, mutumin da nake so fiye da kowa, kuma nake fushi da shi yau irin fushin da ban taɓa yi da kowa ba.

Zan fara da abin da ban faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata Maami da muke kwana ɗaki ɗaya. Ni na wanke hular. Ni Moradeke, 'yar mai wanki da guga ta bayan kotu, da hannuwan nan biyu. Ba abokiyar takararka Barista Simisola ba ce, ba kuma wani daga cikin masu goya mata baya ba. Ga shi na rubuta.

Ranar Asabar ɗin can na kawo maka baƙar rigarka ta kotu da fararen ƙyallayen wuyanka guda shida, na buɗe ofishinka da makullin da ka ba ni. Sai na ga baƙin gwangwanin nan a kan tebur, murfinsa a sake. Na leƙa. Wayyo Allah! Hular gashin doki ce irin wadda lauyoyi ke sawa a kotu, ta yi ɗorawa kamar haƙoran mai cin goro, tana warin tsohon gumi. Zuciyata ta karye. Na ce a raina, ashe a haka zai shiga jerin gwanon buɗe shekarar kotu ranar Litinin, gaban alƙalai, gaban duk waɗanda yake neman ƙuri'arsu? Mutumin da zai zama sakataren ƙungiyar lauyoyin garin nan? Alhali ina raye, ina da ruwa da sabulu?

Na ɓoye ta a cikin zanena na kai gida. Sau uku na wanke ta. Na saka mata bula, na ɗauraye ta da ruwan ɓawon lemun tsami kamar yadda Maami ke yi wa kayan manyan mutane, na shanya ta a bayan ɗaki, na zauna ina gadinta kada kaji su taɓa. Na gyara kowane murɗi da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya ƙage. Da ta bushe ta fito fes kamar audugar da aka tsinko da safe. Ina mayar da ita ina murmushi ni kaɗai kamar wawiya, ina cewa Litinin zai san ana son sa.

Wa ya taɓa gaya mini cewa a wurinku dattin hula shi ne girma? Wa ya gaya mini cewa farar hula ta sabon shiga ce, mai ɗorawa kuma ta wanda ya daɗe yana tsayawa gaban alƙali? Wa ya ce mini ta marigayi Baba Akinrinade ce, maigidanka, wanda ya yi shekara arba'in yana zuba guminsa a cikinta, ya bar maka ita kai kaɗai cikin duk yaransa? Kai ne ya kamata ka gaya mini! Ashe ma a jikin takardunka na neman ƙuri'a da aka manna a katangar kotu an rubuta cewa kai ne magajin hular Baba. Kullum ina tsayawa gaban takardun nan ina kallon fuskarka, amma Turancin da ke ƙasa ya fi ƙarfin 'yar aji shida na firamare. Sau nawa na ce ka karanta mini? Me kake cewa? "Radeke, bar shi, ba za ki gane ba." To ga shi ban gane ba. Ka ji daɗi?

Ina tsaye bakin titi cikin 'yan kallo ranar Litinin lokacin da ka ɗora ta. Na ji dariyar tun kafin in gane ta mene ce. Wani ya ce, "Kai, jiya aka yaye Kunle ne?" Wani ya ce, "Ku ba jariri hanya, kada a take shi!" Na ga ka sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in bar mata takalmana a waje. Na yi kuka, ya taurarona, kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Laifina ne, na karɓa. Abin da na ɓata ba ya dawowa, kuma zan ɗauki wannan a raina har tsufana.

Amma yanzu saurari naka laifin.

Da la'asar na zo ofishinka don in durƙusa in faɗa maka. Na tarar da kai riƙe da hular a hancinka. Ka ɗago ka dube ni, ka ce a hankali, "Ɓawon lemo." Kalma biyu. A duk faɗin garin nan wa ke ɗauraya da ɓawon lemo in ba shagonmu ba? Ka sani, Boda Ibikunle. Ka sani tun kafin in buɗe baki. Sai muka ji takun Barista Gbadamosi a kan matakala, shi da ke neman shugabancin ƙungiya, shi da ya ɗauko ka cikin jerin mutanensa. Ka rufe gwangwanin da sauri, ka ce mini da murya irin ta baƙo, "Ajiye kayan can, ki tafi."

Washegari gari ya ɗauka cewa Barista Simisola, wadda kuke neman kujera ɗaya da ita, ita ce ta sa aka zuba wa hular Baba magani don a kunyata ka, tunda ofishinta na kallon naka. Na ce ƙarya mutane suke yi maka. Na ce Ibikunle ɗina ba zai faɗi haka ba, shi da harshensa ya fi ruwan dutse tsabta. Sai ga wasu magatakardan kotu suna hira a gaban shagonmu cewa ka rubuta ƙara da hannunka ga kwamitin zaɓe, za a zauna Larabar mako mai zuwa, wato jibi ke nan daga yau da nake rubuta maka, da ƙarfe goma na safe, kuma in an same ta da laifi za a cire sunanta kafin ƙuri'ar Alhamis. Har suna cewa tsofaffin lauyoyi duk sun dawo wajenka saboda tausayi, wai an ci mutuncin Baba a cikin kabarinsa.

Matar nan me ta yi maka? Ka san ita ce kaɗai cikinku take kirana da sunana? In na kai mata kaya takan ce, "Ƙanwata, zauna ki karanta mini layi uku," ta miƙo mini jarida, in yi ta tuntuɓe a kan kalmomi, ba ta taɓa yi mini dariya ba. Jiya na ga ta wuce, lauyoyi biyu suka juya mata baya ba su amsa gaisuwarta ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, amma ni na ga yadda ta riƙe jakarta. Dattin hannuna aka shafa mata a fuska, kuma kai ka shafa.

Na yi ta tambayar kaina dalili. Na samu amsar ranar Juma'a a rumfar Iya Risi mai abinci, ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka. Kuna zaune ku takwas kuna cin tuwon amala da gbegiri, miyar wake, kuna lissafin wanda zai zaɓe ku da wanda ba zai zaɓe ku ba. Na shigo da ƙyallayen wuya a leda. Barista Gbadamosi ya lashe yatsa ya nuna ni ya ce, "Kunle, wannan 'yar ba ita na gani tana buɗe ofishinka da makulli ba? Ko dai madam ce ba a gaya mana ba, mu fara ɗinkin anko?" Suka fashe da dariya. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata, ina jira. Wallahi ina jira. Sai na ji ka ce, "Haba ranka ya daɗe, mai wanki ce fa. Sunanta ma sai na tambaya."

Sai ka tambaya? Sunan da ka rera mini a ƙarƙashin rumfarmu? Ka manta ranar da ruwan sama ya tare ka, ƙyallen wuyanka ya faɗa cikin taɓo saura minti goma a kira shari'arka? Ka shigo shagonmu a jiƙe kamar ɗan tsako, na ciro maka wani mai sabon sitaci, saboda sauri ka kasa ɗaurawa, na ɗaura maka ban iya duban fuskarka ba. Ka ce, "Yaya sunan mai cetona?" Na faɗa can ƙasa-ƙasa, ka ce ba ka ji ba, na sake faɗa, ka ce har yanzu ba ka ji ba, sai da na faɗa sau huɗu na gane tsokanata kake yi. Ka manta ranar da muka hau dutsen bayan gari muna cin gasasshiyar masara da kwakwa, ka nuna mini jajayen rufin gidaje ka ce, da zarar an gama zaɓen nan za ka zo da manyanka ku kwanta rub da ciki a gaban Maami, kamar yadda ake yi wa iyayen 'yar mutunci? Ni ban manta ba. Har inda ƙwayar masara ta maƙale a gemunka ina tunawa.

Yanzu na gane. In ka ce ni na wanke hular, za su ce ta yaya mai wanki ta samu makullinka, kuma me ya sa za ta ɓata yini guda a kan hular da ba a ba ta ba. Amsar ita ce abin da kake jin kunya. Ka gwammace a kori mace marar laifi daga takara da a ce lauya na son 'yar aji shida. Kullum kuna kiran junanku masana, ɗan'uwana masani, yayana masani, mu kuma sauran mutanen duniya ko oho. To masani, wane littafi ne ya koya maka wannan?

Ina jin haushinka, ya zumar bakina. Ina jin haushinka kamar yadda dutsen guga ke jin garwashi a cikinsa, zafin na ciki ne, kuma duk abin da na taɓa sai na ƙona. Shekaranjiya na ƙone rigar wani akawu, Maami ta ce, "Radeke, aljanu ne ko namiji?" Na ce mata hayaƙi ne ya shiga idona. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu in na ji ƙarar babur ɗinka a kwana, sai hannuna ya tafi gyara ɗankwalina da kansa. Me ka zuba mini ne? Me ya sa zuciya ba ta da kunne?

Ba na roƙon ka faɗi zaɓe. Allah ya sani na fi kowa son in ga ka zauna a kujerar nan da babban littafi a gabanka. Za ka iya, ka fi su duka rubutu mai kyau, kuma ba ka cin abin mutane. Amma ka hau ta da ƙafarka, ba ta bayan Barista Simisola ba. Ka je ka janye takardar nan. Ka ce kuskure ne, ka ce wata ce ta wanke ta don ƙauna da rashin sani. Za su yi dariya, na sani, wataƙila Barista Gbadamosi ya daina amsa gaisuwarka, wataƙila ƙuri'u su zube. Ni ma ai an yi mini dariya ranar Juma'a, ga ni ban mutu ba.

Ka san ni. Ka san in mutum uku suka dube ni lokaci ɗaya harshena ɗaurewa yake yi. Shekarata goma sha tara ban taɓa ɗaga murya a gaban babba ba. Amma na tambayi wani tsohon magatakarda a kaikaice, kamar maganar wata nake yi, ya ce mai ba da shaida ba a tambayar sa takardar makaranta, abin da ya gani ko ya aikata kawai zai faɗa. Wannan kam ko ni zan iya.

Saboda haka na goge zanena da rigata masu ruwan ƙasa, na ajiye su ƙarƙashin matashi. Na ware ragowar bular da tsinken da na gyara murɗin hular da shi. Ranar Laraba kafin ƙarfe goma zan zo zauren ƙungiyarku, ba ta ƙofar baya da nake shigo da kaya ba, ta gaba. Zan zauna a bencin ƙarshe. In ka miƙe ka faɗi gaskiya da bakinka, ba wanda zai ji ko tarina, zan tashi in koma kan gugata, in jira ka da manyanka ko shekara nawa ne. In kuwa ka yi shiru, zan ɗaga hannu kamar yadda muke yi a aji, in faɗi sunana da ƙarfi sau ɗaya, yadda ba sai ka tambayi kowa ba.

Makullinka na cikin ƙyallen wuya na uku a kayan da na aiko maka tare da wannan wasiƙa, na naɗe shi don kada ya ɓata sitacin. Ba zan sake karɓarsa a ɓoye ba.

Ban taɓa son wani kafin kai ba, kuma ba na jin akwai wurin wani a bayanka, ko ka ci zaɓe ko ka faɗi, ko da tsohuwar hula ko da fara. Wadda ta ɓata maka gadon Baba don tana son ka, kuma za ta ɓata maka ƙaryarka saboda wannan dalilin,

Taka har ƙarshen numfashi,
Moradeke