Na Ce wa Kakana Zuciyarsa Lafiya Lau

Malama Kang, ki taimake ni da shawara. Kwana ashirin da uku ke nan ina riƙe da wata magana da na kasa faɗa wa mai ita.

Bara na gama makarantar koyon aikin jinya, watana bakwai ina aiki a sashen masu ciwon zuciya na wani asibiti a Kaohsiung. Kakana na wajen uba, Akong, shi ya raine ni a Gangshan. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana sayar da romon akuya a kasuwar safe, kuma a rumfarsa na fara ganin zuciya. Ina da shekara bakwai, wata rana ciniki ya lafa, ya ce, "Matso nan, 'Yar Tsako, ki ga abin mamaki." Ya ɗauki zuciyar akuya, ya tsiyaya ruwan butar shayi a cikin babbar jijiyar da ke samanta. Wasu 'yan fatu uku suka cika suka haɗe baki, ko ɗigo bai wuce ba. Sannan ya tsaga ta ya nuna mini ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ya ce, "Ƙofofin gidan nan waje guda suke buɗewa. Wanda ya fita ba ya komowa, ba irin gwaggonki ba da kullum sai ta dawo ɗaukar laima." Gwaggo Pi-lien tana wanke kwanuka, ta watso masa ruwa.

Ranar da malaminmu ya yi mana irin wannan gwaji a aji, ƙamshin citta da romo na ji a hancina, har na fita waje na share ido. Kin ga na soma kauce hanya, ki yi haƙuri.

Ranar farko ta Sabuwar Shekara, bayan abincin rana, Gwaggo ta ce, "Ke likitar gida, ɗauko igiyar nan taki ki gwada mu, mu ga ko karatun ya shiga." Na ɗauko abin sauraren ƙirji, aka jeru ana raha. Da aka zo kan Baffa Tien-fu, matarsa ta ce in fara duba ko akwai zuciyar ma tukuna. Akong ne na ƙarshe. Ya ɗage riga da kansa yana dariya.

Zan faɗa miki daidai abin da na ji. Tsakanin sauti na farko da na biyu na bugun zuciyarsa akwai wani gurnani mai kaushi, ya fi ƙarfi a daman ƙashin ƙirji, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, kuma na bi shi har wuya ta gefe biyu. Sauti na biyu da kyar na ji shi. Bugu saba'in da shida a minti. Irin wannan sauti ake ji idan ƙofar da ke tsakanin ɗakin hagu na ƙasa da babbar jijiya ta yi tauri ta ƙuntata, zuciya tana tura jini ta 'yar kafa. Wato ƙofar nan mai fatu uku.

Kowa ya zuba mini ido. Kin san ranar ko kofi ne ya fashe sai a bi shi da kalmar alheri, balle a ambaci ciwo a gaban tsoho mai shekara saba'in da takwas. Na ce, "Akong, zuciyarka ta fi ta ɗan shekara talatin." Ya buga tebur ya ce wa Baffa, "Ka ji ko, malalaci?"

Niyyata in yi magana bayan bikin fitilu, wanda ke rufe shagalin Sabuwar Shekara a rana ta goma sha biyar. Kafin ranar ta zo, ya zagaye kasuwa kaf yana cewa jikarsa ta asibiti ta duba shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya mayar da sunansa cikin mutum takwas da za su ɗauki karagar da ake ɗora mutum-mutumin Uwa Mazu, abar bautarmu, a zagayen shekara-shekara na haikalin unguwarmu. Tun yana saurayi yake ɗauka, a kafaɗarsa ta dama har yanzu akwai kanta. Bara ne kawai ya janye, wai gwiwa. Yanzu na gane ba gwiwa ba ce. Kullum da safe yana hawa matakalar haikali don ya ƙara ƙarfi. Ran Lahadi na raka shi, ya tsaya sau biyu yana haki, ya ce furen mangwaron maƙwabta yake kallo.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Wata bakwai kacal, har kin fara yanke wa mutane kwana? Kakarki da ƙafarta ta shiga asibiti a duba ta, ba ta fito ba. Bar tsoho da farin cikinsa." Wataƙila tana da gaskiya. Ni ba likita ba ce, sau ɗaya na saurara, cikin hayaniya. Tun rasuwar kakata Ama ban ga yana tafiya ƙirji a buɗe haka ba. Idan na yi kuskure, na ƙwace masa wannan a banza. Idan kuma ban yi ba, saura kwana hamsin da takwas a ɗora masa karaga a kafaɗa saboda maganata. Yaya zan yi?

Jika mai nauyin baki, Kaohsiung

*

'Yata,

Shirun da kika yi ranar biki bai dame ni ba. Da ni ce, da ban ɓata wa tsoho ranarsa a gaban 'ya'yansa ba. Amma hanin nan na 'yan kwanaki ne, an sauke fitilu tun tuni, kuma ke ba shiru kawai kika yi ba, shaida kika bayar. A kan shaidar nan yake hawa matakala kowace safiya. Ke kika ba da ita, ke za ki gyara ta.

Gwaggonki tsoro ne ke magana a bakinta, ta rasa uwa, kada ki riƙe ta. Ta kuma yi gaskiya a abu guda: kunne ba ya yanke hukunci. Na karanta wa wata likitar zuciya wasiƙarki. Ta ce tsofaffi da yawa suna da irin wannan sauti ba tare da ƙofar ta ƙuntata sosai ba, hoton zuciya ne kaɗai zai raba gardama, kuma ba ciwo, ba kwana a asibiti. Amma ta ce sautin da ya zo tare da haki ba a jira da shi, kuma kada ya ɗauki nauyi ko ya matsa wa kansa da hawa sai an duba. Idan jiri ya kama shi, ko ƙirji ya ɗaure, ko ya suma, a kai shi nan take. In ma ƙofar ce, ana sauya ta, wani lokaci ta jijiyar cinya ba tare da an buɗe ƙirji ba.

Kada ki tara dangi a kansa, kada kuma ku yaudare shi zuwa asibiti da wani dalili. Ki je gida a makon nan, ku zauna ku biyu. Ki fara da naki laifin: kin ji wani abu, kin ji nauyin ranar, kin faɗi abin da ba ki tabbatar ba. Ki sa masa abin sauraren a kunne, ya ji ƙirjinki, sannan ya ji nasa. Ki riga ki karɓo ranar ganin likita, ki ce tare za ku je ku dawo.

Zai iya yin fushi, musamman don kunyar mutanen kasuwa. Ki bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa musu. Kuma kada ki yi masa alkawarin zai ɗauki karagar bana, ba ki sani ba, kin kuwa ga inda daɗin baki ya kai ki. Abin da za ki iya cewa da gaskiya shi ne kina so ki gan shi a zagayen baɗi, ko a ƙarƙashin karagar, ko yana tafe a gefenta.

Ki hau jirgin ƙasa ran Asabar. Ina yi wa Akong fatan lafiya da tsawon kwana, ke kuma bakinki ya yi sauƙi.

Malama Kang